Metal Black: gem ɗin da kai da maƙiyinka kuke ci a akushi ɗaya

A 1991 kamfanin Taito na ƙasar Japan ya fitar da wani gem na harbi mai suna Metal Black, aka kai shi gidajen wasa inda sai ka jefa sulalla a inji kafin ka buga. Shekarar ba ta zo masa da daɗi ba, domin a cikinta Capcom ya saki Street Fighter II, hankalin matasa ya koma kan gem ɗin dambe, injinan harbi suka fara komawa lungu. Ko a gidan Taito ɗin ma wani gem ɗin harbi mai suna Darius ne ɗan gaban goshi. Shi ya sa har gobe za ka samu mutum ya san takwarorinsa irin su Gradius da R-Type, amma sunan Metal Black bai taɓa ratsa kunnensa ba. Abin da ciwo, don a cikin wasannin wannan zubi da wuya ka samu wanda dokokin bugunsa da labarinsa suka narke suka zama abu guda kamar wannan.

Zubin sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe sandar sarrafawa. Jirginka yana gefen hagu, filin yana tafiya da kansa daga dama zuwa hagu, maƙiya suna kwararowa, kai kuma kana kauce wa harsasai kana harbi. Tun daga Scramble na Konami a 1981 ake kan wannan turba. Inda kowane gem yake nuna basirarsa shi ne yadda yake ƙara maka ƙarfi. A Gradius na 1985 kana tara ƙwayoyi ne, kowace ɗaya ta matsar da alama a kan wani jeri da ke ƙasan allo, kai ka zaɓi abin da za ka saya: sauri, makami mai linzami, leza, ɗan rakiya mai bin jirginka yana taya ka harbi, ko garkuwa. A R-Type na 1987 akwai wani dunƙule da kake maƙalawa a gaban jirgi ko a bayansa, ya tare maka harsashi ya kuma yi harbi. A Darius ƙwallaye ne masu launi, ja na bindiga, kore na bam, shuɗi na garkuwa.

Metal Black ya share duk wannan. Ba garkuwa, ba ƙarin sauri, ba ɗan rakiya, ba bam mai faɗowa ƙasa, ba makamin da ke harbi baya. Sanda ɗaya mai kusurwa takwas, maɓalli biyu, sai abin ɗauka iri ɗaya tak tun daga farko har ƙarshe.

Newalone, da abin da ake yi da shi

Abin ɗaukan sunansa Newalone. A allo za ka gan shi kamar 'yan ƙananan ƙwallaye uku masu launi a manne da juna, suna lilo a iska kamar audugar rimi. Ba sai ka kashe wani maƙiyi na musamman kafin su fito ba, da kansu suke shigowa, wani lokaci ɗaya-ɗaya, wani lokaci garke guda. Duk wanda jirginka ya taɓa, ma'aunin da ke allo zai ɗan ƙaru. Ma'aunin yana da matakai, na ƙolinsa an rubuta masa MAX. Kowane mataki ka hau, harbin maɓalli na farko yana ƙara kauri da faɗi, daga ɗan siririn tartsatsi har ya zama wani bango na haske da ya fi jirgin kansa tsayi. Idan ya yi ƙarfi har wasu ƙananan harsasan maƙiya yake cinyewa a hanya, wanda ke nufin bindigarka ita ce rabin kariyarka.

Maɓalli na biyu shi ne na bim, wato doguwar sandar haske mai ci ba ƙaƙƙautawa. Da ka danna shi, duk abin da ka tara zai fara tsiyaya, kuma ba a tsayar da shi a tsakiya. Sai ma'aunin ya ƙare ƙarƙaf bim ɗin zai mutu, ka koma kan ɗan tartsatsin da ka fara da shi. Idan ma'auni ya kai MAX kana da zaɓi biyu a yatsanka. Ka danna ka saki, hasken ya watsu kamar walƙiya ya bi ko'ina a allo, ya ƙone ƙananan maƙiya na gaba da na baya, ya share harsasai. Ko ka danna ka riƙe, hasken ya dunƙule ya zama sanda guda mai kauri da ke tafiya gaba kai tsaye, wadda ita ce mai illa ga manyan halittu. Kana iya sauyawa tsakanin biyun kafin ma'aunin ya ƙare, kuma idan ka ci gaba da tsintar Newalone a lokacin, bim ɗin zai ɗan ƙara jimawa.

To a nan lissafin yake. A yawancin wasannin harbi bam daban yake da bindiga: ka jefa bam, bindigarka tana nan yadda take. A Metal Black rumbu ɗaya ne. Abin da ke ba ka ƙarfin yau da kullum shi ne kuma abin da za ka ƙona ranar tsanani. Saboda haka kowace dannawa tambaya ce: abin da ke gabana yanzu ya kai in sayar da ƙarfina a kansa? Kuma bayan daƙiƙa goma, lokacin da nake tsirara, me zai fito? Wanda ya san zangon ya san inda garken Newalone na gaba yake, sai ya saki bim ana dab da wurin, ya wuce ya sake cika tumbinsa. Wanda bai sani ba zai saki a inda ba kome a gaba, ya shiga matsatsi da bindigar da ko ƙaramin maƙiyi sai ta yi ta bugu kafin ta kashe.

Akwai wata rahama a tsarin da ya kamata a yaba. Masu buga Gradius sun san masifar mutuwa a tsakiyar gem: an ƙwace maka komai, an mayar da kai baya, jirgi ba sauri, maƙiya kuma ba su rage zafi ba, sai rayukanka su bi juna kamar an tsinke carbi. A Metal Black idan aka harbo ka, a nan inda ka faɗi za ka tashi, ma'auninka ya yi ƙasa, amma da yake Newalone ba ya yankewa, cikin ɗan lokaci kana iya farfaɗowa. Mutuwa tana da tsada, sai dai ba ta rufe maka ƙofa.

Karon haske da bos

Abin da ya sa masana wannan fanni ba su manta da Metal Black ba shi ne faɗan ƙarshen zango. Bosawan gem ɗin, wato manyan maƙiyan da ke tsare ƙarshen kowane zango, su ma Newalone suke ci. A filin faɗan ƙwayoyin suna yawo tsakaninku, kai kana tsinta, shi ma yana lasa. Yadda ya ci haka bim ɗinsa zai yi kauri idan ya tashi saki, har ya kai wanda zai cinye babban ɓangare na allo ya bar maka ɗan wurin rakuɓewa. Ke nan duk ƙwayar da ka riga shi ɗauka riba biyu ce: ka ƙaru, shi kuma ka rage masa. Duk wadda ka bari ta wuce, da ita za a harbe ka.

Idan bos ya saki bim ɗinsa kai ma ka saki naka a dunƙule suka yi gaba da gaba, ba sa ratsa juna. A inda suka haɗu wani curin haske yake tasowa, yana kumbura, yana tartsatsi, sannan ya fara gangarawa wajen wanda ya fi rauni. In kai ne da rinjaye, curin zai tafi ya faɗa wa bos ya yi masa mummunar ɓarna. In shi ne da rinjaye, ko kuma ma'auninka ya ƙare alhali nasa bai ƙare ba, kana tsaye a daidai bakin bindigarsa ba ka da abin karewa.

Yadda ake cin wannan karo ba boyayye ba ne, haƙuri kawai yake so. Da farko ka isa wurin bos da cikakken ma'auni, wato ka daure kada ka ƙona bim a ƙarshen zango sai in babu makawa. Da faɗa ya fara, kada ka tsaya wuri ɗaya kana ta harbi kamar mai daka. Ka bi ƙwayoyin da suka fi kusa da shi ka kwashe, ko da a lokacin ma'auninka a cike yake, don hana shi ci ma aiki ne. Ka lura da jikinsa, domin kafin ya saki yana nuna alama. Sannan kada ka riga shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe sababbin hannu: suna ganin bos sai su saki komai, bim ɗinsu ya ƙare, sai a sannan shi ya buɗe nasa. Ka bari ya fara, ka daidaita da shi, ka danna ka riƙe. In ka sassauta yatsa hasken zai watse ya zama walƙiya, ita kuwa walƙiya ba ta tare sandar da ke tahowa. In kuma ka ga ma'auninka bai kai ba, ba dole sai an yi karo ba. Ka kauce sama ko ƙasa, ka bar bim ɗinsa ya wuce, ka ci gaba da tara naka. Ana iya kashe bos da harbin yau da kullum, jinkiri kawai za a yi.

Wannan dabara ba ta mutu da gem ɗin ba. A G-Darius na 1997 Taito ya dawo da karon haske, inda kake kama maƙiyi ka narkar da shi ya zama bim, ka yi ta dannawa har naka ya haɗiye na bos. A 2003 kamfanin G.rev, wanda tsofaffin ma'aikatan Taito suka kafa, ya fitar da Border Down, gem ɗin da kowa ya gani ya san jikan Metal Black ne, da ma'auni guda mai ciyar da bindiga da leza, da karon haske da bosawa. Dariusburst na 2009 shi ma yana da nasa salon mayar da martanin bim. Duk daga wannan tushe suka sha.

Inda ake faɗuwa

Gaskiya gem ɗin yana da wuya, kuma wani ɓangare na wuyar bai da daɗi a karon farko. Jirgin ba shi da sauri, saurin da ka fara da shi da shi za ka gama. Bugu ɗaya ke kashe shi. Maƙiya kuma suna fitowa ta baya, ta sama, ta ƙasa, alhali bindigarka gaba kawai take kallo. Wanda ya saba da lafewa a can ƙarshen hagu na allo, yadda ake yi a wasu wasannin, zai sha mamaki, don nan ne abin da ke tahowa ta baya zai fara taka shi ba tare da ya gani ba. Wurin zama mafi aminci a yawancin zanguna shi ne kusa da tsakiya, ɗan baya kaɗan, inda kana da tazarar ganin abin da ya shigo ta kowane gefe.

Maganin rashin makamin baya wata dabara ce da 'yan wasan Japan suka raɗa wa suna hara-uchi, ma'ana bugun ciki. Ga yadda take. Idan ma'auni ya hau, harbin yana fitowa da faɗin da ya zarce jikin jirgi ta sama da ta ƙasa, kuma tun daga bakin fitarsa yake ƙuna. Shi kuwa wurin da kwamfuta take lissafawa a matsayin jikinka, wanda in an taɓa shi ka mutu, bai kai wannan faɗin ba. Saboda haka akwai 'yar tazara inda maƙiyi yake cikin wutarka amma bai taɓa ka ba. Sai ka matso dab da shi ta samansa ko ta ƙarƙashinsa, kamar za ka goga masa ciki, kana harbi, gefen harbin ya cinye shi. Da haka ake kashe bindigogin da ke manne a ƙasa da rufi, da abin da ya biyo ka ta baya: ka ɗan ɗaga, ya zo daidai ƙarƙashinka, ka sauko masa a hankali. Sharaɗinta ɗaya ne, sai ma'auni yana sama. Da ƙaramin harbi babu wannan tazara, in ka gwada karo za ka yi. Wannan ma wani dalili ne na rashin ƙona bim a banza.

Sai tarkon kwaɗayi. Newalone yakan taru a inda ya fi haɗari, can gaba kusa da bakin allo na dama, ko a jikin bango. Idonka yana kan ƙwaya, harsashi yana tahowa ta gefe, ga launukan bayan fage masu motsi da walwali da ke iya ɓoye ƙaramin harsashi. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce: in ma'auni ya cika kuma ba a gaban bos kake ba, daina bin ƙwaya, sai wadda ta zo hanyarka. In kuma ka mutu ka tashi, yi amfani da 'yan daƙiƙun da jirgi yake ƙyaftawa ba a iya taɓa shi ka kwashi na kusa, kada ka tsaya ramuwa.

Mai son gwadawa a yau ba sai ya nemi tsohon inji ba. An kai gem ɗin na'urar wasan gida ta Sega Saturn a 1996 ta hannun kamfanin Ving, ya fito cikin tarin Taito Legends 2 a 2006, kamfanin Hamster ya sake shi a jerin Arcade Archives a 2022 don PlayStation 4 da Nintendo Switch, sannan City Connection ya fitar da na Saturn ɗin a sabon zubi a 2023. Abu biyu za su sauƙaƙa maka: ka kunna harbi mai maimaita kansa a maɓalli na farko don yatsa ya huta, ka kuma sa talabijin a yanayin gem, domin jinkirin da ke tsakanin dannawa da motsi, ko na ƙiftawar ido ne, ya isa ya lalata bugun ciki. Mutum biyu suna iya bugawa tare, sai dai ku sani ƙwayoyin da ke allo raba su za ku yi.

Labarin da ke ƙarƙashin dokokin

A 2042, in ji gem ɗin, wani tauraro ya bayyana kusa da duniyar Jupita, ya hargitsa duwatsun sararin samaniya suka yi ta zubowa Duniya. A bayan wannan ruwan duwatsu wasu baƙin halittu suka shigo, rabinsu nama rabinsu ƙarfe, suka murƙushe rundunonin 'yan Adam da makamin haske, suka shiga kwasar albarkatun ƙasa. Aka kira tauraron da halittun da suna ɗaya, Nemesis. Masana kimiyya suka gano cewa Newalone ne ke ciyar da makaman baƙin, suka kwaikwayi fasahar, aka ƙera jiragen yaƙi 20,000 samfurin CF-345 Black Fly a ƙarƙashin wani shiri mai suna Metal Black. Amma ba a tashe su ba. Shugabannin da suka rage suka zaɓi sulhu irin na wanda aka fi ƙarfi, aka rufe shirin, aka kulle jiragen. A 2052 wani matuƙi mai suna John Ford ya saci guda ɗaya ya tashi shi kaɗai.

Ka duba yadda wannan ya zauna daram a kan abin da yatsunka suke yi. Makamin da ke hannunka ba naka ba ne, na maƙiyi ne aka kwafa, shi ya sa kai da bos kuke rububin abinci ɗaya. Ba ka da garkuwa ko ɗan rakiya domin ba runduna ce ta aiko ka ba, ɓarawon jirgi ne kai, mai karya yarjejeniyar da shugabanninka suka sa wa hannu. Ƙarancin kayan aikin da ɗan wasa yake kuka da shi, shi ne ainihin halin da matuƙin yake ciki.

Sunan Nemesis ma ba daga iska aka ɗauko shi ba. A tatsuniyoyin Girka sunan allahiyar sakayya ne. Sannan a 1984 wasu masana taurari, cikinsu har da Richard Muller, sun kawo hasashen cewa Rana tana da wani abokin tafiya mai duhu da ke zagayowa duk bayan shekara miliyan 26, ya tunkuɗo taurari masu wutsiya su hallaka halittun Duniya, suka kuma sa masa wannan suna. Har yau ba a gano tauraron ba, amma a ƙarshen shekarun 1980 maganar tana yawo sosai, kuma kamanninta da farkon labarin gem ɗin a fili yake.

Jagoran aikin shi ne Takatsuna Senba, wanda ya yi aikin zanen fina-finan katun na Japan kafin ya shiga Taito, kuma shi ya jagoranci wani gem ɗin harbi mai suna Gun Frontier kafin wannan. Shi ya sa a gabatarwar gem ɗin ake ganin rubutun Project Gun Frontier 2, ko da yake wancan daga ƙasa zuwa sama yake tafiya, duniyarsa kuma ta kaboyi ce a sararin samaniya. Akwai wani labari na daban, mai sauƙi, da aka rubuta don a nuna wa manyan kamfani saboda gudun kada su ƙi amincewa da mai duhun, kuma wannan na bogin ne ya ƙare a littafin bayanin da ya zo da na Saturn. Wanda ya ci karo da labarai biyu masu saɓa wa juna, dalilin ke nan.

Zango shida

Zangon farko shi ne hujjar gem ɗin gaba ɗaya. Kana tashi ne a kan Duniyar da ta mutu: gine-ginen birni sun zama kango, yashi ya binne su, teku ya ƙafe har ƙasansa ya zama hamada. Jiragen ruwa suna kwance a kan rairayi. Can sai wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi, irin mai ɗaukar jiragen sama, ya motsa ya ɗago, ashe wata ƙaguwa ce ta shige cikinsa ta mai da shi ƙwansonta, irin yadda ƙaguwar bakin teku take shiga gidan dodon koɗi da ya mutu. Makami mafi girma da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa ya zama rigar ƙwaro. Babu rubutu ko ɗaya da ya bayyana maka wannan, gani kawai za ka yi. Kiɗan da ke tafiya a lokacin kuma ba na yaƙi ba ne, wani sauti ne mai taushi da kewa, wanda Yasuhisa Watanabe na ƙungiyar makaɗan Taito, Zuntata, ya tsara. Shi ne kuma ya yi kiɗan Border Down daga baya. Bos ɗin wannan zango sunansa Apartheid, a shekarar da Afirka ta Kudu take soke manyan dokokin wariyar launin fata.

Bayan zango na 1 da na 3 akwai wasan garaɓasa inda kallo yake komawa ta idon matuƙi. Maƙiya suna shawagi a gabanka, kana bin su da alamar saiti har ta kama, sai makamai masu linzami su tashi a tare suna murɗawa suna barin wutsiyar hayaƙi. Da sauri ka gama, da yawa makinka. Hannun mai zanen katun ya fito sosai a nan.

Zango na biyu a sararin samaniya yake, kuma wata biyu ne a sama. Tun farkon zangon ɗayan yana biye da kai a bayan fage, yana matsowa a hankali, har ka saba da shi ka ɗauka ado ne. A ƙarshe sai ya tsage kamar ƙwai, bos mai suna Feeder ya fito daga ciki. Minti da minti abin da zai kashe ka yana gabanka kana kallonsa. Na uku kangon abin da 'yan Adam suka gina ne a sama, tarkace ko'ina, bosawansa Daio da Gishiin, ɗaya da siffar buzuzu. Daga na huɗu, mai bos Amazo, zuwa na biyar, mai bos Ghost, an bar duk wani abu da ido ya sani, wurare sun koma na lu'ulu'u da nama da launuka masu juyawa, hanyoyi sun matse, kuma a nan ne rashin haddace inda maƙiya ke fitowa yake cin rayuka.

Na shida sunansa A Mirage of Mind Gaia, bos ɗinsa Omega Zone. Yayin da kuke faɗa, bayan fage yana sauyawa da hotuna kamar na mafarki: halittun farko, mutanen da, yaƙe-yaƙe, tarihin Duniya yana wucewa, har da fuskar wata kyanwa. Gaia sunan Duniya ne a wurin Girkawa, kuma shi masanin kimiyya James Lovelock ya ɗauka a shekarun 1970 ya sa wa ra'ayinsa cewa Duniya da duk abin da ke kanta suna aiki kamar jiki ɗaya mai rai. A fahimtata, gem ɗin yana jefa maka shakka ne da gangan: wannan da ka yi tafiya har Jupita don ka kashe, baƙo ne, ko kuwa wani abu ne na Duniyar kanta? Halittun da ka yi ta harbi tun farko da siffar kifi da ƙaguwa da ƙwari suke, wato siffar abin da ya ɓace lokacin da teku ya ƙafe.

Ƙarshen iri biyu ne, kuma an juya su saɓanin yadda aka saba. Idan rayukanka suka ƙare a zangon ƙarshe, sai a nuna maka cewa mutuwar matuƙin ta tayar da sojoji, sun yi juyin mulki, an buɗe rumbunan, jiragen Black Fly 20,000 sun tashi sun nufi Nemesis. Wanda ya faɗi shi ake ba ƙarshe mai kama da na jarumta, mai runduna da fata. Idan kuwa ka kashe Omega Zone, abin da za ka gani shi ne Duniya ta rabe gida biyu. Sai rubutu ya fito yana tambaya ko wannan hoton harin ƙarshe ne na maƙiyi, ko numfashinsa na ƙarshe, ko gaske ne, ko mafarki, ya ce babu wanda ya sani tukuna. Daga nan sai a nuna teku cike da ruwa yana kaɗawa, abin da ba ka gani ba ko sau ɗaya tun da ka tashi daga kan yashin zangon farko, sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suna wucewa.